Jakata ta kusa hana ni ɗaura ɗankwali

Ranar wata Juma'a na gane abin ya wuce wasa. Na tsaya gaban madubi zan ɗaura ɗankwali, hannuna na dama ya ƙi ɗaguwa ya wuce kunne, ga wani zogi tun daga wuya har gwiwar hannu kamar ana jan jijiya. Hajiyarmu ce ta ƙarasa min ɗaurin tana cewa ai sanyin Jos ne, ki shafa Aboniki ki gasa da ruwan zafi. Na shafa na gasa kusan wata biyu, da daddare in na juya ta ɓangaren sai na farka, zip ɗin riga ma sai ƙanwata ta ja min.

Sana'ata kai kaya gida gida, humra da turaren wuta da atamfa, daga Anguwan Rogo in shiga Terminus in saro, in hau keke zuwa Farin Gada, wani lokacin har Bukuru, kuma duk wannan yawon jaka ɗaya ce a kafaɗar dama shekara da shekaru. Kwalaben humra, turmi biyu ko uku, gorar ruwa, caja, littafin bashi.

Da na je asibiti aka tura ni wajen masu fisiyo, wato masu gyaran gaɓoɓi ta hanyar gashi da motsa jiki, matar bata fara taɓa ni ba sai da ta ɗaga jakar daga kan benci, ta kalle ni tace Hajiya kullum wannan kike ratayawa? Muka ɗora a sikeli, kilo 8. Ni kuma kilo 60 ce, tace abin da ake so kada kaya ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin mutum, wato ni kilo 6 ne iyakata, shi ma a rabe kafaɗa biyu. Ta nuna min a madubi yadda nake ɗage kafaɗar sama ba tare da na sani ba don kar igiyar ta zame, naman da ya taso daga wuya zuwa kafaɗa yana ɗaure duk yini, jiki kuma ya karkace ɗaya gefen. Abin da ya fi tsorata ni, tace in mutum ya daina motsa hannun saboda zafi gaɓar tana iya sandarewa, kuma wannan yana kai shekara ɗaya zuwa uku kafin ya saki, musamman ga masu ciwon suga. Har awon suga sai da na yi, alhamdulillahi lafiya lau.

Yanzu jakar goyo nake ɗauka irin ta 'yan makaranta, kwastomomi na ta tambaya, ni dai ko a jikina. Safe da yamma in tsaya gaban bango in riƙa tafiya da yatsu sama a hankali, ina sa alama da alli inda na kai. Jiya na wuce alamar satin jiya da kusan taƙi guda, zip ɗin dai har yanzu sai an ja min.