Abin da ganyen qinghao ya koya mini a ɗakin bayar da magani

Duk ƙwayar ACT, wato haɗin magani mai ɗauke da artemisinin, da muke miƙa wa masu zazzaɓin cizon sauro, asalinta wani ganye ne da Sinawa ke kira qinghao. Sinadarin da ke cikinsa, artemisinin, shi ke kashe ƙwayar cutar a jini.

A 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shirin sirri mai lamba 523, saboda zazzaɓi na cinye sojoji a yaƙin Biyetnam, kulorokwin kuma ya daina ci. A 1969 aka ɗora wa Tu Youyou, wata mai binciken magunguna, jagorancin wata tawaga. Sun gwada ganyen tun farko, yau ya yi aiki, gobe ya ƙi. Sai ta koma kan rubutun Ge Hong, masanin ƙarni na 4, wanda ya ce a jiƙa ganyen cikin ruwa, a matse, a sha. Bai ce a dafa ba. Nan ta gane cewa zafin wuta ne ke lalata sinadarin. Ta sauya hanya, ta tace shi da wani sinadari mai suna ether a ƙarancin zafi, kuma a 1971 samfuri na 191 ya kashe ƙwayar cutar gaba ɗaya a jikin ɓeraye da birai. Ita da abokan aikinta suka fara sha kafin a ba marasa lafiya. Lambar Nobel sai 2015 ta same ta.

Wannan ya sa ba na raina maganin gargajiya, amma kuma ba na yarda da mai cewa tunda ganye ne, a tafasa a sha kawai. Yadda aka sarrafa shi da adadin da aka sha su ne maganin.

Abin da ya fi damuna shi ne rana ta biyu da fara shan maganin. Artemisinin ba ya daɗewa a jiki, cikin 'yan sa'o'i ya fita, shi ya sa ake haɗa artemether, wanda aka samo daga gare shi, da wani magani mai jimawa da ake kira lumefantrine, a sha sau 6 cikin kwana 3, da abinci mai maiƙo. Uwa takan ga jikin yaro ya yi sanyi, ya tashi yana wasa, sai ta ɓoye sauran don ƙaninsa. Na fahimce ta, kuɗi ya yi wuya. Sai dai ƙwayar cutar da ta tsira ita ke koyon jure magani, kamar yadda aka gani a Kambodiya, daga baya a Ruwanda da Yuganda.

Yanzu kafin in miƙa kwali, nakan buɗe shi in nuna mata layi-layi: "Hajiya, ko ya warke, sai ya shanye duka."