Yadda Muka Auna Sansanin Rumawa na Hardknott da Tef da Fensir

Sansanin Hardknott yana kan wani kafaɗar tsauni a yankin Cumbria, arewa maso yammacin Ingila, kimanin mita 250 sama da teku. Ƙasa ce ta dausayi da duwatsu, ba bishiya, sai tumaki da iska. An gina shi a zamanin Sarki Hadriyan, wanda ya yi mulki daga 117 zuwa 138, don tsaron hanyar da ta taso daga Ravenglass a bakin teku ta nufi Ambleside. Wani rubutu a jikin dutse da aka tsinta a 1964 ya ambaci waɗanda suka zauna a ciki: runduna ta huɗu ta mutanen Dalmatiya, kimanin mutum 500, 'yan gaɓar tekun Adiriyatik inda Kuroshiya take a yau.

Aikin da muka yi shi ne zana taswirar wurin da hannu. Kayan ba su da yawa: tef biyu na mita 50, ɗaya na mita 30, kamfas, igiya mai ɗaure da ƙarfe irin ta magina, allon zane, ledar zane da ruwa ba ya ɓatawa, da fensir mai tauri. Takarda ba ta minti goma a can ba ta jiƙe ba, biro kuwa ba ya kama leda mai danshi. Turaku ba mu kafa ba. Dokar Birtaniya ta 1979 ta kare wurin, ba a tono, ba a yawo da na'urar neman ƙarfe sai da izini, don haka muka danne bakin tef da ƙananan buhunan yashi. Filin na ƙungiyar National Trust ne, ƙungiyar English Heritage ke kula da kangon, dukansu masu adana wuraren tarihi ne, kuma su ake fara tuntuɓa.

Kafin a miƙa tef, sai an san abin da ake aunawa. A jikin ganuwar akwai wani siririn layi na falalen dutse da masu gyara suka saka a ƙarni na 20. Abin da ke ƙasan layin ginin Rumawa ne a inda suka bar shi, na sama kuwa duwatsun da suka zube ne aka mayar. Wanda ya auna kaurin ganuwa daga samanta, aikin ma'aikatan gyara ya auna. Mu daga tushe muka riƙa ɗauka, kaurin yana kai kusan mita 1.7, kuma a zanen muka bambanta kashi biyun da layi mai ɗigo-ɗigo.

Babban layin awo mun shimfiɗa shi a kan titin da ya ratsa sansanin daga ƙofar kudu maso yamma zuwa ta arewa maso gabas, domin ba gini a kansa. Daga wannan layi ake fitar da kowane awo a tsaye cak. Ana tabbatar da kusurwar da tsohon lissafin magina: mita 3 a kan layi, mita 4 a gefe, idan tsakaninsu ya ba da mita 5 to ta daidaita. Idan abin da za a auna ya wuce mita 15 daga layin, kada a dogara da wannan, kuskuren ɗan yatsa a nan yana zama taku guda a can. Gara a auna shi daga maki biyu na layin, a haɗa a kan allo.

Gangara ce ta fi cin mutane. Cikin sansanin ba shimfiɗaɗɗe ba ne, akwai tudu da kwari da duwatsun da suka leƙo. Tef na mita 50 da aka kwantar a gangara mai digiri 10 yana ƙara kusan santimita 76 a kan tsawon gaskiya. Maganin shi ne a yanka awon gajere-gajere, mita biyar ko goma, a riƙe tef a miƙe, a sauke makin ƙasa da igiyar magina. Iska ma tana lanƙwasa tef ta ƙara tsawo, sai an sa mutum ya riƙe tsakiya. Wayar hannu kuma a bar ta don hoto, domin kuskuren GPS ɗinta, mita uku zuwa biyar, ya ninka kaurin ganuwar.

Sansanin murabba'i ne, kowane gefe kusan mita 114. A sikelin 1:500, wato santimita ɗaya a zane na nufin mita biyar a ƙasa, wannan santimita 23 ne, ya shiga allo ɗaya. Gine-ginen ciki sun fi son 1:100. Don gwada aikin, tsallake daga kusurwa zuwa kusurwa ya kamata ya kusanci mita 161, sai dai kusurwoyin a zagaye suke, dole a tsawaita layukan bango a kan zane su haɗu tukuna.

Da zanen ya fara cika, abin da ya fi ba ni mamaki shi ne taurin kan tsarin. Rumawa sun zo da fasalin sansani guda, mai ƙofofi huɗu, suka ɗora shi a kan tsauni ba tare da sun saurari tsaunin ba. Ƙofar arewa maso yamma, wadda ita kaɗai ce mai mashiga ɗaya, tana buɗewa ne 'yan taku daga gangaren da ya faɗa kwarin Eskdale. Ba keken dokin da zai bi ta nan. Amma tsari ya ce ƙofa huɗu, huɗun aka yi. Hasumiyoyin kusurwa kuma ba su da ƙofa a ƙasa, ta saman ganuwa ake shigarsu, don haka kada mai zane ya ɓata lokaci yana neman bakin ƙofa.

A tsakiya akwai gini uku na dutse: hedikwata, gidan kwamanda, da rumbunan hatsi biyu a manne. Rumbun ba ya ɓuya, ga dogaran dutse da suka tokare bango ta baya, ga ginshiƙan da suka ɗaga daɓe don iska ta bi ta ƙasa ta hana hatsi ruɓewa. Barikin sojoji na katako ne, ya tafi. Filin da babu komai a zanen shi ne inda mutum 500 suka kwana, kuma barinsa fari ya fi a cika shi da zato.

A waje, ƙasa da ƙofar kudu maso gabas, akwai gidan wanka mai ɗaki uku a jere, na sanyi, na ɗumi, na zafi, da wani zagayayyen ɗakin gumi a gefe. Filin faretin yana can sama, kusan mita 200 daga ƙofar arewa maso gabas, inda aka sare gefen tsauni aka baje shi, aka tara tudun da kwamanda ke tsayawa. Shi ya fi wuyar aunawa domin ba bango, sai gefen ƙasa. Da rana tsaka ba a ganin iyakarsa. Da hantsi ko la'asar sakaliya inuwa ke fito da shi, kuma watan Maris ko Afrilu ya fi, kafin ciyawa mai faɗin ganye ta kai ƙugu ta rufe komai. Inda ƙasa ta yi laushi, ciyawar fadama ta yi jeri a miƙe, sau da yawa tsohon rami ne ya riƙe ruwa, amma hanyar tumaki ma tana yin haka, sai an bi layin an ga ko ya yi daidai da bango.

Hanyar mota zuwa wurin siririya ce, gangararta tana kai kashi 30 cikin 100, kuma idan ƙanƙara ta kama ba ta biyuwa. Hazo na iya sauka cikin minti kaɗan har mai riƙe bakin tef ya ɓace wa na ɗaya bakin, saboda haka kowane awo a zana shi nan take a kan allo, kada a tara lambobi sai an koma masauki.