Fisha ba ta kama ramin bulo

Sau biyu na biya kuɗin ɗaure sif guda a bango don kada ta kifo kan yaro, ga ramuka a bangon gidan haya da sai mun toshe ranar da za mu tashi. Duk don wani mai haɗa dish ya bugi ƙirji ya ce min, "Hajiya, ko ke kika rataya a jikinta ba za ta motsa ba."

Rataye filasma bai ba mu wahala ba. Wurin ya dace da ginshiƙin kankare, aka ɗaure ƙarfen, aka tattare wayoyi sama inda hannun yaro ba ya kai. Tsohuwar talabijin mai ƙaton baya kuwa, wadda Baban yara ke son a ɗora kan durowa a ɗakin yara, kyauta na yi da ita. Nauyinta duk a gilashin gaba yake, ja kaɗan za ta kifo.

Sif ce ta hana ni barci. Autana ya gano cewa idan ya jawo durowoyin ƙasa ɗaya bayan ɗaya sun zama matakala. Na buɗe ƙofofin ukun, na jawo durowa na danna da tafin hannu, sai na ji bayan sif ɗin ya ɗaga daga ƙasa. Abu mai tsayi, marar zurfi, ga madubi a jikin ƙofa, da zarar an buɗe shi nauyin ya koma gaba. Umma ta ce tsirfa ce, su da suka raine mu ba su ɗaure komai ba, kuma ina aka taɓa huda kayan aure. Na ce, "Umma, ai a Amurka ma a 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi miliyan 29 bayan sun danne yara har an rasa rayuka." Tun daga Satumbar 2023 dokarsu ta tilasta a gwada irin waɗannan kayan da nauyin da ya kai na yaro mai kilo 27 kafin a sayar. Mu namu daga wurin kafinta sai bayan a-kori-kura, babu mai gwada komai.

To, sai mai haɗa dish ɗin nan ya zo da injin huda bango. Ina tsaye na ga bakin injin yana ci da ƙyar, can sai ya zurma gaba ɗaya. Ramin bulo ya faɗa. Bulon da ake gini da shi, mai inci 6 ko 9, cikinsa fanko ne, naman gefensa siriri, kuma idan masu bugawa sun yi rowar siminti da farce ma sai ka kankare shi. Ya cusa fisha, 'yar robar nan da ake sawa a rami don ta riƙe sukuru, ya murɗa sukuru, ɗaya bakin abin ɗaurin kuma ya kama shi a jikin falankin bayan sif, wannan siririn da ƙananan ƙusoshi kawai ke riƙe da shi. Ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Ranar da Baban yara ya kama saman sif ɗin ya jijjiga don ya gani, fisha ta fito da guntun filasta a jikinta, yashi na zuba. Abin da ke ƙona min rai ke nan. Kafin a yi aikin kullum ɗakin a kulle yake, mukulli a gefen zanina. Bayan an ce an ɗaure sai na saki jiki, ina kicin yaro na ciki shi kaɗai. Gara ma a ce ba a ɗaure ba, da na ci gaba da kullewa.

Karo na biyu kafinta na kira, ya sa mai walda ya lanƙwaso ƙarfe mai kusurwa guda biyu. Ya kama su a katakon saman sif mai kauri, sannan ya huda bangon har ya ɓulla sito, ya zura dogon ƙarfe mai zare, ya sa faffaɗan zoben ƙarfe (wasa) da noti ta can baya. Mai gidan ya yi ɗan ƙorafi, da muka ce za mu gyara ya yarda. Inda bangon na maƙwabci ne ba a iya ɓullawa, kamar wurin kabet ɗin falo, sai da ya yi ta ƙwanƙwasawa yana saurare har ya samu inda ba fanko, ya kafa katako a kwance da sukurori da yawa, ya ɗaure kabet ɗin a jikinsa.

Idan za a yi miki, kada ki bar wurin. Ki kalli bakin injin, in ya zurma ki ce a canja wuri. Kada ki biya sai an buɗe ƙofofi da durowoyi duka, babban mutum ya ja da ƙarfinsa. Manyan tukwane da dinasét su koma ƙasa, rimot da biskit da waya su bar saman kowane abu mai tsayi, don abin da yaro ya hango shi yake hawa nema. Saura injin ruwan sanyi na falo, shi ma da an ɗora masa gora kansa ke rinjaya, kuma kafintan ya ce sai ya samo ɗamarar da za ta zagaye shi.