Sassauta kunamar baka: abin da na koya a rumfar gyara

Baka mai kunama ba makamin maharbanmu ba ne. Su dai kwari da baka suka gada, sai bindigar toka. Amma a Yamai, inda matafiya ke shigo da kaya iri-iri daga Turai da Amurka, jefi-jefi wani yakan kawo irin bakan nan gyara, kuma da yake rumfarmu ta wajen Katako ta yi suna a aikin ƙananan ƙarafa, mu ake nuna masa. Baka ne da aka gicciya a kan itace mai kamar gindin bindiga: ka ja tsirkiya ta maƙale, ka ɗora kibiya, ka auna, ka danna kunama. Koken masu kawo shi kusan ɗaya ne, wai kunamar ta yi tauri, a sassauta ta.

Kafin maigidana ya bar ni in taɓa ko ƙusa ɗaya, sai da ya sa na ja tsirkiyar da kaina. Na taka, na ja da dukan ƙarfina, sai da bayana ya amsa. Bakan zamani da yawa suna riƙe nauyin kilo 70 zuwa 90, amma yatsa yana sakin su da abin da bai wuce kilo 2 ba. Riƙon duk nauyin tsirkiyar nan a kan ɗan leɓen ƙarfe na cikin kunamar yake zaune, wanda sai ka kawo ido kusa kake ganinsa sosai. Tun daga ranar nake jin nauyin wannan leɓe a raina duk lokacin da na kwance kunama.

Dabarar kuwa tsohuwa ce. A 1974 manoma masu haƙar rijiya kusa da Shi'an a ƙasar Sin suka tono sojojin yumɓu na sarki Qin Shi Huang, wanda ya mutu a shekara ta 210 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A cikin ramukan an sami kunamomin baka na tagulla, kowace da guntaye uku masu motsi da ƙusoshi biyu. Itacen ya ruɓe, tagullar ta tsira. Abin da ya burge ni shi ne yadda kowane guntu ke rage nauyi kafin ya miƙa wa na gaba, har abin da ya isa ga yatsa ya zama kaɗan. Maƙeran nan a tsarin guntayen suka nemo sauƙin danni.

Da aka kawo baka, aunawa muke fara yi. Mukan ɗaure shi a kan teburin aiki, bakinsa na kallon buhunan yashi, mu ɗana, mu sa kibiya, don sakin tsirkiya ba kibiya yana iya tsaga bakan. Sai mu maƙala sikelin rataye a kunamar mu ja a hankali. Sau da yawa sikelin yakan nuna nauyin bai wuce ƙa'ida ba. Abin da ke damun mai shi daban ne: kunamar tana tafiya tana tsayawa, tana ƙas-ƙas a ƙarƙashin yatsa, bai san lokacin da za ta saki ba, sai ya fizge, kibiya ta kauce. In ka buɗe, sai ka tarar ƙurar hunturu ta cakuɗe da tsohon giris ta zama baƙin kwaɓi a tsakanin ƙarafan. Wanki da kananzir, goge fuskokin da dutsen washi mai laushi ba tare da sauya kusurwarsu ba, sai ɗigon mai kaɗan. Mutum ya gwada, ya rantse mun rage rabin nauyin.

Inda ake samun gardama shi ne wajen masu son a sa magagari. Wani Alhaji ya nace a ci leɓen kaɗan, wai haka ake yi wa bindigar toka. Maigida ya ɗaga guntun a haske ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, taurin ƙarfen nan a ɓawonsa yake. In na ci shi, na ciki mai laushi ne, kuma ba ni da kasuwar da zan sayo abin da na kankare." Gaskiyarsa. Irin waɗannan guntaye sau da yawa samansu kawai ake taurarawa da wuta. Aka kankare, leɓen zai riƙa cinyewa yana dunƙulewa a hankali, yau ya riƙe, gobe ya riƙe, wata rana ya saki shi kaɗai, watakila mai shi yana ɗora kibiya, yatsunsa na kan hanyar tsirkiya. Tsirkiyar nan tana iya cire babban yatsa. Ni ma yanzu ba na karɓar wannan aiki ko nawa aka ce za a biya, kuma nakan faɗa wa mutum dalili dalla-dalla, don kada ya tashi daga wurinmu ya kai wa wanda zai yarda.

Wanda yake son sauƙi na haƙiƙa, mukan ce ya yi odar sabuwar kunama ɗungurungum wadda aka ƙera don irin bakansa. Kamfanin TriggerTech na Kanada, alal misali, yana sa ɗan mulmulen ƙarfe a tsakanin guntayen da ke riƙe da juna, sai ya riƙa mirginawa, gugar ta ragu, riƙon kuma yana nan yadda yake.

Ko sabuwa muka ɗaura ko tsohuwa muka wanke, baka ba ya barin rumfa sai an ɗana shi, an bubbuga gindinsa da gudumar roba yana kallon yashi, an kuma danna kunama da ƙarfi alhali makullin kariya yana rufe. In ya saki ko sau ɗaya, sai mu kwance mu koma farko.