Tudun da ido ba ya gani

A ƙarshen 2018 na fara aikin daji a yankin da Amurkawa ke kira Delta, a yammacin jihar Misisipi, tsakanin babban kogin Misisipi da kogin Yazu. Karatun kula da namun daji ne ya kai ni. A watan Fabrairun shekarar aka gano cutar nan mai lalata ƙwaƙwalwar barewa, wadda suke taƙaita sunanta da CWD, a gundumar Issaquena, karo na farko a jihar, don haka ana neman hannaye. Aikina shi ne ɗaura kyamarori a jikin bishiyoyi don ƙidayar dabbobi, da cire kaluluwar wuyan barewar da maharba suka kawo a kai ta gwaji. Aka haɗa ni da wani dattijo, ma'aikacin daji, wanda aka haifa a bakin wannan ruwa kuma ya tsufa a cikinsa. Baba nake kiransa kamar yadda muka saba a gida, shi kuma ya karɓi sunan da farin ciki bayan na yi masa bayani.

Na ce barewa ne don babu sunan da ya fi kusa, amma ba irin tamu ba ce. Ta fi girma, ƙasan wutsiyarta fari ne fat, tana ɗaga ta idan ta firgita. Kishiminta ƙaho mai rassa gare shi, yana zubar da shi kowace shekara wani ya fito, kuma babba a Delta yakan haura kilo 90. Yawancin maharban wurin dako suke yi. Mutum ya ɗaure wata 'yar kujerar ƙarfe a jikin bishiya, sama da ƙasa kamar ƙafa 15 zuwa 20, ya hau tun kafin gari ya waye, ya zauna shiru. Duk gwanintar tana wurin zaɓen bishiyar. Wanda ya iya zaɓen wurin dako kuwa ya iya zaɓen wurin kyamara, shi ya sa Baba ya matsa mini in yi kwas ɗin maharba, in yanki lasisi, in zauna a sama da kaina.

Bishiyar farko da na zaɓa tana bakin wani tsohon hannun kogi da ya koma tafki. Taɓon wurin cike yake da sawun kofato, sabo a kan tsoho, har zuciyata ta natsu cewa na samu. Kwana uku ina hawa. A rana ta uku wata macen barewa ta tsaya can cikin duhuwa inda ba na ganinta, ta yi ta huci da ƙarfi tana buga ƙafa, sannan daji ya yi tsit. Raina ya ɓaci sosai. Da na ba Baba labari bai tambaye ni yawan sawun ba.

"Ɗana, ta ina ka shigo?"

Na nuna masa. Ashe na ratsa ta tsakiyar wani kurmin gora gajere, wanda shi ne makwancinsu, na bar warin jikina a kowane ganye da na goga. Da muka duba kyamarar da ke wurin kuma, duk sawun nan na dare ne, tsakanin ƙarfe goma da ukun asuba. Sawu yana faɗa maka dabba ta wuce, ba ya faɗa maka yaushe. Taɓo kuwa yana riƙe sawu kwana da kwanaki, har barewa biyar su yi kama da hamsin.

Daga ranar ya juya mini tsarin tunani. Kafin a duba bishiya, a fara duba hanyar zuwa gare ta. A wannan ƙasa hanya mafi kyau ruwa ce. Mukan yi shiri tun da duhu, in yi sallar asuba a bakin gaɓa shi yana jirana, mu shiga ƙaramin kwalekwale mu bi ƙorama ba tare da inji ba, mu sauka taku kaɗan daga gindin bishiyar. Inda ruwa bai kai na kwalekwale ba mu sa dogayen takalman roba mu bi ta cikinsa a hankali. Ruwa ba ya riƙe warin ƙafa, ba ya karya busasshen reshe. Akwai bishiyoyi masu kyau da yawa da muka bari don kawai babu yadda za a isa gare su ba a tashi dabbobin ba, kuma na daɗe kafin in yarda cewa barinsu daidai ne.

Sai iska, wadda ita ce ta fi ba ni wahala. Barewa da hanci take tsaron ranta. A makaranta an koya mana a duba hasashen yanayi a ga ta ina iska za ta kaɗa. A ƙarƙashin dogayen bishiyoyin kwari wannan hasashe rabin gaskiya ne. Baba yana yawo da audugar wani tsiro a aljihu, dangin tumfafiyarmu ne, audugar ma kamar tata. Sai ya saki ƙwaya ɗaya daga saman bishiya mu bi ta da ido. Na ga ta tafi gabas taku ashirin, ta tsaya, ta sauko, ta juyo ta bi kwarin ƙorama zuwa kudu. Dalilin shi ne da yamma, idan rana ta yi ƙasa, iska mai sanyi tana da nauyi, sai ta gangara ta bi wuri mafi zurfi kamar yadda ruwa zai yi. Da hantsi, ƙasa ta ɗumama, sai ta tashi sama. Saboda haka wurin dakon yamma mai kyau shi ne wanda ruwa mai zurfi ke bayanka, warinka ya zuba a kansa inda ba dabbar da za ta bi, turbar barewa kuma tana gabanka a ɓangaren tudu. Bishiya ɗaya tana iya yin kyau da safe ta zama ɓarna da yamma. Na cika littafi guda da zanen inda auduga ta bi a kowace bishiya, da sa'a, da yanayin sama, kuma wannan littafi ya fi mini amfani a kan taswirori da yawa.

Abin da na fi so in yi magana a kai shi ne tudu. Wanda ya shiga Delta zai rantse ƙasar shimfiɗe take kamar faranti. Ni da na tashi kusa da fadamar Haɗeja na ɗauka na san ƙasar ruwa, amma idona bai ga komai ba. Baba yakan tsaya ya ce mun hau tudu, in duba ƙafata in ga babu bambanci. Bambancin ƙafa ɗaya ne, wani lokaci inci shida. Kogin ya yi dubban shekaru yana sauya hanya, duk inda ya bari sai ya bar jerin gaɓoɓi da kwaruruka masu lanƙwasa kamar kunyoyin gona. Daga baya na ga su sarai a taswirar da ake aunawa da hasken lesa daga jirgin sama. Baba bai buƙaci taswira ba, bishiyoyi yake karantawa. Inda ruwa ke kwana mafi yawan shekara, bishiyar saifires ce mai kumburarren gindi. Sama kaɗan sai wani nau'in oak, bishiya mai 'ya'ya masu ɓawo da barewa ke ci, wanda suke kira overcup, mai jure jiƙa. Sama da shi wani oak ɗin, Nuttall. A kan tudu sosai sai wanda suke kira oak na shanu, mai manyan 'ya'ya, da gora, da sarƙaƙiyar ƙaya. Ka ga gora, ka san ƙafarka za ta bushe. Barewa ta iya iyo, tana kuma ratsa ruwa idan ta ga dama, amma a kullum ta fi son tafiya a busasshe da kwanciya a busasshe. Waɗannan siraran tudu su ne titunanta. Inda tudu biyu suka haɗu, ko inda tudu ya tsuke tsakanin tafki da ƙorama ya zama kamar burtali, nan ake neman bishiya. Haka nan madatsar itace da dabbar biba ke ginawa a kan ƙorama, barewa gada take mai da ita, za ka ga turba ta sauko a wannan gefe ta hau a wancan.

Abinci kuma yana tafiya da kalanda. A farkon lokacin farauta, wajen Oktoba, 'ya'yan wata bishiya 'yar uwar kanyarmu ke zuba, jinsinsu ɗaya a ilimin tsirrai, kuma barewa na son su ƙwarai. Sai oak na shanu, wanda 'ya'yansa ba su da ɗaci sosai. Nuttall shi ke zuwa a makare, yana zubarwa har cikin Disamba da Janairu lokacin da saura sun ƙare, kuma wannan ya yi daidai da lokacin barbararsu a Delta. Kishimi a lokacin yana kankare ƙasa da ƙafa a ƙarƙashin reshe, yana goge ƙahonsa a jikin ƙananan itatuwa, yana bin mata. Ba kowace bishiya ke haihuwa kowace shekara ba, sai an je an duba ƙarƙashinta an ga ɓawo da sabon kashi. A kula kuma da aladun daji, sun yi yawa a wurin, suna cin abinci iri ɗaya, sawunsu ya fi na barewa faɗi da dakushewar baki.

Duk wannan ilimi da na tara a kakar farko, ruwa ya shafe shi a 2019. Idan kogin Misisipi ya cika, ana rufe ƙofofin madatsar Steele Bayou don kada ya kwararo ciki, ruwan saman da ke sauka a bayan ganuwar da aka gina don tare kogin kuma ya rasa mafita. A shekarar ya mamaye sama da eka 500,000 a kudancin Delta, ya zauna wata da watanni, tun daga ƙarshen hunturu har cikin bazararsu. Mutane sun rasa gidaje da noman shekara. Barewa suka taru a kan ganuwar kogi da 'yan tudun da suka rage, sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu. Ban taɓa ganin abin da ya taɓa zuciyata a aikin nan kamar wannan ba. A nan na fahimci hikimar dokar da ke rufe farauta a wasu yankunan idan ma'aunin ruwa ya kai wani mataki. Dabbar da ruwa ya tsare a tsibiri ba farautarta ake yi ba, kisa ne kawai, kuma ina ganin duk ƙasar da ke da fadama ta cancanci irin wannan doka.

Da ruwa ya janye muka koma. Kurmin goran da na taɓa ratsawa ya mutu, ƙasa ta yi fayau, kana hango nesa a inda da ba ka ganin taku goma. Makwantai sun koma wasu wurare. Bishiyoyi biyu cikin waɗanda na yi wa alama saiwarsu ta ruɓe, ba su hawuwa. Faɗowa daga bishiya na cikin manyan abubuwan da ke raunata maharban barewa a Amurka, shi ya sa Baba ba ya barin kowa ya ɗaga ƙafa daga ƙasa sai da ɗamarar tsaro, kuma yakan bubbuga gindin bishiya ya saurari ƙararta kafin ya yarda da ita. Tun daga lokacin, kafin in duba komai da safe, ma'aunin kogi nake dubawa. Ƙarin ƙafa ɗaya na ruwa yana iya rufe turba uku ya bar ɗaya.

Wani abokin karatuna ɗan jihar Wiskonsin da ke arewacin Amurka ya ce a fadamunsu, irin Horicon, ciyawar kachalla ce ta cika ko'ina, irin wadda ta toshe mana hanyoyin ruwa tsakanin Haɗeja da Nguru. Can bishiyar hawa ma wuya take, manyan kishimai na kwana a ɗan tsibiri ko a bakin tsinin tudun da ya kutsa cikin ciyawa. Da ya zana mini, sai na ga maganar Baba ce a wata ƙasa.

A Disambar 2019 Baba ya bar ni in zaɓi bishiya ni kaɗai. Na sami wani siririn tudu tsakanin tafki da ƙorama, da Nuttall biyu masu zuba, ana isa da kwalekwale, auduga kuma tana faɗawa kan ruwa da yamma. Ya zagaya wurin ya dawo.

"Idan ka harba ta gudu, ina za ta faɗi?"

Ban yi wannan tunani ba. A gefe ɗaya ruwa ne mai zurfi da sarƙaƙiya, jini ba ya barin alama a kan ruwa, dabba za ta mutu a banza ba a same ta ba. Muka matsa zuwa wata bishiya taku arba'in gaba, inda tudun ya ɗan buɗe. A yammaci na biyu wani kishimi ya biyo turbar, hancinsa a ƙasa, bai ɗago ba. Na yi bisimilla na harba, ya faɗi a busasshe. Kafin duhu ya rufe na yanka shi, na cire kaluluwar wuyansa na sa a leda na rubuta lamba, muka ja shi zuwa kwalekwale.