Yadda na nemo wa laburarenmu izinin nuna fim ta intanet

A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta mayar da karatu kan intanet, wata malama a jami'armu ta roƙe ni in ɗora wa ɗalibanta wani fim na dokumentari, wato fim mai nuna abubuwan da suka faru da gaske, domin su kalla daga gida. Faifan DVD ɗin yana kan kantarmu, saboda haka na ɗauka aikin yini guda ne. Sai da na buɗe takardar sayen faifan na ga cewa izinin da muka biya na nunawa ne a gaban jama'a cikin harabar jami'a, bai haɗa da kwafe fim ɗin a ɗora shi a intanet ba, domin wannan lasisi ne dabam mai yarjejeniyarsa.

Na fara duba manyan dillalan da ke sayar da lasisin nuna fina-finai. Swank ne ke riƙe da yawancin fina-finan manyan kamfanonin Amurka, Docuseek da Alexander Street kuwa sun fi ƙarfi wajen dokumentari, amma babu wanda ke da namu. Na rubuta wa daraktar fim ɗin, ta amsa cikin mutunci cewa haƙƙin rarrabawa ya bar hannunta tuntuni, ta haɗa ni da wani ƙaramin kamfani. Mako biyar muka yi muna musayar wasiƙu a kan abubuwan da ban taɓa kawowa a raina ba: tsawon wa'adin lasisin, ƙasashen da ya shafa, wanda zai ajiye fim ɗin a na'urarsa, da tabbacin cewa sai mai kalmar sirri ta jami'a ne kaɗai zai iya buɗe shi. Rubutun magana na ƙasan allo ma sai da na nace a kansa, saboda akwai ɗalibar da ba ta ji sosai.

Kuskuren da ya fi damuna nawa ne. Na karɓi lasisin shekara guda ban rubuta ranar ƙarewarsa ba, sai ya ƙare ana tsakiyar zangon karatu, wani ɗalibi ya aiko mini da hoton baƙin allo kwana biyu kafin jarrabawa. Tun daga ranar nake rubuta wa'adin kowane fim a rajista, kuma ina tambayar malamai jerin fina-finansu wata biyu kafin a buɗe zango. Wanda za a koyar da shi kowace shekara, lasisin shekara uku nake nema masa.