Jirgin ruwa ba ya jiran mai motar haya

Daren Lahadi ɗan ƙanwata ya turo mini hoton tikitinsa. Shi da amaryarsa za su shiga jirgin ruwan yawon buɗe ido zuwa jihar Alaska ta Amurka, jirgin kuma zai yada zango na yini ɗaya a Skagway. Ƙarƙashin hoton ya rubuta: "Kawu, na kama motar haya, ni zan tuƙa mu har Kanada mu dawo." Na kira shi nan take. Yana magana yana dariya, wai ya ga komai a bidiyo, hanya ɗaya ce tilo, ba a ɓata. Gabana ya faɗi, domin kalaman da na faɗa wa maiɗakina ke nan a bakin wannan tashar, shekaru da dama baya.

Skagway ƙaramin gari ne a gindin duwatsu, kuma wanda ya sauka daga jirgi yana da zaɓi uku. Akwai jirgin ƙasa na White Pass, siririn layin dogon da aka fara shimfiɗawa a 1898 lokacin da mutane suka yi tururuwa neman zinariya a yankin Klondike na Kanada, aka gama a 1900. Cikin kilomita 32 kacal yake hawa daga bakin teku zuwa tsayin mita 873. Akwai bas mai ɗan jagora. Sai motar haya, ka bi babban titin Klondike da kanka. Maiɗakina jirgin ƙasa take so. Ni na lissafa kuɗin tikiti biyu, na ga hayar mota ta fi sauƙi, na ce ba za a zuba ni a tarago kamar ɗan makaranta ana nuna mini abin da zan kalla ba.

Har yau ba na cewa lissafin nawa shirme ne gaba ɗaya. Jirgin ƙasan da ke zuwa ƙololuwar dutsen ya juyo ba ya barin kowa ya sauka. Mu kuwa mun tsaya inda muka ga dama. Mun wuce jami'an Kanada a Fraser, mun ci abinci a Carcross, mun taka yashin wannan ɗan filin da suke kira hamada, mun kai tafkin Emerald, kusan kilomita 120 daga tasha. Ruwansa kore shar da ratsin shuɗi, babu motsin komai sai iska. Maiɗakina ta zauna kan wani dutse ta yi shiru ta fi minti ashirin. Wannan zaman ba a sayar da shi a tikitin kowa.

Amma ni me na gani a hanyar zuwa? Layin tsakiyar titi. Hazo ya rufe mashigar dutsen, hannuna biyu a sitiyari, wuyana ya sage. Duk lokacin da ta ce "Malam, dubi ruwan can yana zubowa!" sai in ce mata ina tuƙi. Na biya kuɗi na ƙetare duniya don in ga duwatsu, na ƙare ina kallon bayan wata babbar mota.

Agogo ne ya kayar da ni. Lokacin bazara, yankin Yukon na Kanada yana gaban Alaska da awa ɗaya. Na san wannan, har ina alfahari da sanin. Na ɗauka wayata ta koma lokacin Yukon da kanta, sai nake cire awa guda daga duk abin da ta nuna. Ashe ba ta kama sabis ba ko sau ɗaya tun da muka hau dutse, tana nan kan lokacin Alaska. Awa ɗaya da nake ganin tana aljihuna babu ita. Da na gane, muna Carcross a hanyar dawowa. Na taka mota, muka tarar da layin motoci a shingen jami'an Amurka, sannan ga mayar da mota da cika mata mai. Muna gudu a kan gadar tasha muka ji ƙaho. An riga an janye tsani, igiyoyi sun saku, tsakaninmu da jirgin ruwa bai fi tsawon gida biyu ba.

Na daɗe ina cewa laifin waya ne, ko na mai ba da hayar da bai gargaɗe ni ba. Wataƙila da ya yi magana da na ji. Wataƙila kuma da ban ji ba, tunda matata ta tambaye ni sau uku ko na tabbata da lokacin, na ce ta bar mini. Maganin hawan jininta yana cikin ɗakinmu a jirgi. Mun kwana a garin da tufafin jikinmu, washegari muka hau ƙaramin jirgin sama zuwa Juneau, garin da babu titin mota da ke shiga cikinsa, don mu tari jirgin ruwan a can. Kuɗin da na yi tattali ya tafi, ya ja ninkinsa da yawa. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo.

Na zauna da niyyar jera muku shawarwari goma, ku matasa, amma na san ba za ku karanta ba. Ku da ba ku iya kallon tafki sai ta bayan gilashin waya! To ga kaɗan.

Idan zuwanka na farko ne, hau jirgin ƙasa. Zauna hagu wajen hawa, nan kwazazzabo yake. In kana son ka taka ƙasa ka ɗauki hoto, akwai tikitin haɗi: jirgin ƙasa zuwa Fraser, bas ta dawo da kai, sai dai ka riƙe fasfo da izinin shiga Kanada. Saye ta hannun kamfanin jirgin ruwan ya fi tsada, amma in tawagarsu ta makara suna jira ko su san yadda za su kai ka. Kai da motarka babu wanda zai jira.

Kada ka kama mota. Ko kuma ka kama, in kun kai ku huɗu, akwai direba na biyu, kuma jirgin zai yini har dare, domin ba zan yi maka ƙarya in ce tafkin nan bai cancanci wahala ba. Amma ɗaura agogon hannu mai allura, ka saita shi da lokacin jirgi kafin ka sauka, kada ka taɓa shi. Lokacin da aka rubuta a bakin tsani na komawa ciki ne, yawanci rabin awa kafin tashi. Ka yi niyyar isowa awa biyu kafin nan. Magani da fasfo su kasance a jikinka.

Duk wannan na faɗa wa yaron. Ya ce, "Kawu, wayoyin yanzu ba irin naku ba ne." Sabis ɗin da babu shi a kan dutse, wace waya ce za ta ƙirƙiro shi? Ban ƙara ja da shi ba. Na ce ya ba amaryar waya, na tambaye ta ita me take so ta hau. Ta yi jim, sannan a hankali ta ce jirgin ƙasa. Na sa tsohon agogona a ambulan, gobe zan aika musu.